Sasanta Bes da Jita a Haɗin Sauti: Jagora ga Masu Ƙananan Situdiyo

Ƙorafin da ake yawan ji a ƙananan situdiyoyin Garwa, Marwa da Njamena kusan iri ɗaya ne. Waƙa tana daɗi a ɗakin da aka haɗa ta, amma da ta shiga waya sai a nemi bes, wato jita mai kaurin murya, a rasa, jita ta rage ita kaɗai tana tsinin kunne. A kai ta wurin mai sono (manyan sifiku) na biki kuma sai labari ya sha bamban: ƙasa ta cika da gurnani, ba a gane abin da bes yake faɗa, jitar ma ta nutse. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara wa bes ƙarfi a 60 Hz (Hz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri), a ƙara wa jita kaifi a sama. Wannan ba ya kashe wutar, domin ba a can rigimar take ba. Tana tsakanin 80 da 400 Hz, gonar da su biyun suke nomawa tare, kuma aikin mai haɗi shi ne ya yanke hukuncin wanda ya mallake ta a kowane sashe na waƙa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Ka san inda suke cin karo

Bes mai tsirkiya huɗu yana farawa daga Mi na ƙasa, wanda ake rubutawa E1, a 41 Hz. Sauran tsirkiyoyin: La yana 55, Re 73, Sol 98. Mai tsirkiya biyar yana sauka har Si a 31 Hz. Jita kuwa tsirkiyarta mafi kauri tana 82 Hz, sai 110, 147, 196, 247 da 330. Ka ga ke nan tsirkiyar Sol ta bes ta riga ta shige cikin gidan jita tun kafin a danna ko gaɓa ɗaya a wuyan bes. Idan mai bes ya hau gaɓa ta 12 a kanta, yana kaɗa 196 Hz, daidai da tsirkiyar Sol ta jita.

Bayan haka, kowane sauti yana da uwa da 'ya'ya. Mi na bes uwarsa 41 Hz ce, amma yana tafe da 'ya'ya a 82, 124, 165, 206, 247 har sama. 'Ya'yan nan su ne kunne yake kamawa ya gane wane sauti aka kaɗa, kuma su ne suke faɗawa kan uwayen sautin jita. Duk abin da zai biyo baya a wannan jagora rabon wannan gado ne.

Mataki na farko: gyaran da ba ya buƙatar fulogin (ƙaramar manhajar gyaran sauti)

Fara da saitin tsirkiya. Ɗan La na bes na farko yana 110 Hz, tsirkiyar La ta jita ma 110 Hz. Idan ɗaya ya goce da Hz ɗaya tak, sautin zai riƙa kumbura yana sacewa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma mutum zai ɗauka matsalar ikwalaiza ce, wato abin ƙarawa ko rage wani yanki na sauti. Ba ita ba ce. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Kusiri ke haura digiri 40, saiti ba ya zama wuri ɗaya. A hunturu kuma bushewar iska tana taɓa itacen wuyan jita. A sake duba saiti kafin kowace ɗauka, da na'urar saiti guda ga su biyun. A kuma gwada gaɓa ta 12: idan tsirkiya a sake ta yi daidai amma a gaɓa ta 12 ta goce, sai an gyara tsawonta a gadar jita, in ba haka ba duk lokacin da mai bes ya hau sama zai saɓa da jita.

Sai tsufan tsirkiya. Gumi da ƙura suna cika tsagin tsirkiyar bes, su kashe 'ya'yan sautin da ke tsakanin 700 Hz da 2 kHz, waɗanda su ne za a nema daga baya. Ikwalaiza ba ta ƙara abin da babu. Idan sabuwar tsirkiya ta yi wuya, a cire tsofaffin a tafasa su a ruwa minti 10 zuwa 15, a bar su su bushe sarai kafin a mayar. Hasken da suke samu ba ya daɗewa, amma ya isa ɗaukar waƙa.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, tsarin kiɗan kansa. Idan mai jita yana kaɗa cikakken kod (sautuka da yawa a tare) da tsirkiya shida alhali bes yana yawo, to an shuka rigima tun daga ɗauka. Sautuka biyu masu kusanci da juna, idan suka sauka ƙasa da 130 Hz ko makamancin haka, dagulewa suke yi ko da saitinsu ya yi daidai. A roƙi mai jita ya saki tsirkiya biyu na ƙasa ya kaɗa huɗun sama, ko ya matsa tsakiyar wuya. Bes ya riƙe uwar kod, jita ta ɗauki saura. Minti biyar na sake ɗauka ya fi awa biyu na sassaƙa da ikwalaiza, kuma sakamakon ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Duba lokaci ma. Inda bes da jita ya kamata su faɗi tare, tazarar da ta kai milisakan 20 zuwa 30 kunne yana jin ta kamar tuntuɓe. Ka matsar da wuraren da suka fito fili kawai, musamman farkon awo da wuraren tsayawa. Kada ka ɗaure komai a kan layin manhaja. Ɗan jinkirin mai bes a bayan ganga sau da yawa shi ne daɗin kiɗan.

Ƙugin wuta

Wutar Kamaru da Cadi tana tafiya a 50 Hz, don haka ƙugin da ke shiga jita da bes yana 50, 100, 150 da sama. Abin takaici, Sol na ƙasa a bes, gaɓa ta uku a tsirkiyar Mi, yana 49 Hz, Sol na sama kuma 98. Wanda ya haƙa rami mai faɗi a 50 da 100 don kashe ƙugi ya kashe Sol tare da shi, sai a ji duk lokacin da waƙa ta zo kan wannan kod ƙasa ta zube. Idan dole ne a yanke, a matse bakin yankan ƙwarai, Q, wato ma'aunin matsin bakin, ya kai 30 ko fiye, kuma a tsaya a zurfin da ƙugin ya daina damu, ba sai ya mutu ba. Idan da janareta aka ɗauka, abin ya fi wuya, domin gudunsa yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ƙugin ya riƙa zamewa daga ramin da ka haƙa.

Maganin gaskiya a wurin ɗauka yake. A cire cajar laftof a ɗauka da batir. A danna maɓallin raba ƙasa (ground lift) da ke jikin akwatin DI, wanda ake bi ta cikinsa a jona jita ko bes kai tsaye. A kashe fanka da fitila mai ƙugi na ɗan lokacin ɗauka. Mai jita mai fikof siriri (fikof shi ne abin kama sauti da ke ƙarƙashin tsirkiya) ya juya a hankali a kan kujerarsa har ya sami fuskar da ƙugin ya fi raguwa, ya zauna a haka. A kuma tabbata an danna maɓallin INST a katin sauti idan kai tsaye aka jona; in ba haka ba saman sautin yana dushewa tun kafin ya isa kwamfuta.

Mataki na biyu: ka gane ƙaryar ɗakinka

Ɗakin siminti mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 yana kumbura sauti a wajen 57 Hz da 43 Hz. Lissafin mai sauƙi ne: gudun sauti, mita 343 a daƙiƙa, a raba shi da ninkin tazarar bango biyu. La na bes yana 55, Si bemol 58, saboda haka a irin wannan ɗaki waɗannan biyun za su yi ta ruri a wani wurin zama, a tsakiyar ɗaki kuma su ɓace. Mai haɗi ya rage su da ikwalaiza, ya lalata abin da lafiyarsa ƙalau.

Gwajin da zai raba gardama: ɗauki sautin sayin (uwa zalla ba 'ya'ya) a kowace manhaja, ka rubuta sautuka ɗaya bayan ɗaya daga Mi na 41 Hz zuwa na 165, duk da ƙarfi ɗaya, ka zauna a kujerarka ka saurara. Rubuta waɗanda suka yi tsalle da waɗanda suka nutse. Wannan takarda ka liƙa ta kusa da allo. Duk ranar da wani sautin bes ya dame ka, duba ta tukuna, sannan ka duba ma'auni irin SPAN na Voxengo, wanda kyauta ne. Idan ma'auni ya nuna sautukan kai ɗaya, laifin ɗaki ne, ka ƙyale bes.

Kwalin ƙwai da siririn soso ba sa taɓa sautin ƙasa ko kaɗan. Abin da ke taimakawa shi ne abu mai kauri a kusurwa, santimita 15 zuwa sama, da kuma janye kujera daga tsakiyar ɗaki zuwa kusan kashi 38 cikin ɗari na tsawonsa daga bangon gaba. Sifika mai inci biyar ba ta sauka ƙasa da 50 Hz da gaskiya, don haka hedfon mai kyau shi ne shaidarka na biyu. Kada ka yi haɗi da ƙara mai yawa: kunne yana jin bes fiye da kima idan an ƙure sifika, sai ka rage shi, waƙa ta fita a rame. Ƙarfin da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba ya isa.

Mataki na uku: feda (maɓallin ƙarfin kowane tirak) kawai, a mono

Kashe duk fulogin. Daidaita kowane tirak ya riƙa yawo a wajen -18 dBFS (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne, 0 dBFS kuma shi ne iyakar manhaja), babban mafita kuma kada ya wuce -6. Mayar da mafita mono, wato hagu da dama su haɗe su zama ɗaya. Ɗaga gangar ƙafa da bes har su zauna, sa murya, sannan ka ɗago jita daga shiru a hankali. Akwai wurin da za ka ji bes ya fara rasa bakinsa, ba ƙarfinsa ya ragu ba, sai dai ka daina gane sautukansa. Tsaya nan. Abin da ka ji shi ne ainihin matsalar, kuma mono ne kawai ke nuna ta tsirara, domin raba hagu da dama yana rufa mata asiri.

Idan an ɗauki bes ta hanya biyu, DI da makirfo a gaban amfilifaya, sai an daidaita sawunsu kafin komai. Sauti yana cin santimita 34 a milisakan ɗaya, don haka makirfon da ke nesa da santimita 30 yana makara da kusan milisakan 0.9. Haɗa su a haka yana huda rami a wajen 570 Hz da wasu a sama, kusa da inda bakin bes yake, wato yankin da kunne ke gane sautukansa. Buɗe hoton igiyar sosai, ja tirak ɗin makirfo baya har farkon sautin ya yi daidai da na DI, sannan ka gwada maɓallin Ø, mai kife igiyar sauti. Wanda ya fi kauri shi ne daidai. Haka ake yi wa jitar da aka ɗauka da makirfo biyu.

Mataki na huɗu: yanke ƙasan jita

Sa matatar da ke zubar da ƙasa a kan jita, gangarenta 12 dB a oktab (kowane ninkin Hz). Kada ka ware jitar ita kaɗai. Bar waƙa duka tana tafiya. Tura matatar sama a hankali har ka ji jita ta fara ramewa, sannan ka koma baya da 15 zuwa 20 Hz. Yawanci jitar lantarki mai riƙe kiɗa tana tsayawa tsakanin 90 da 120 Hz. Jitar katako a cikin waƙa mai cunkoso tana jure 120 zuwa 180. Jitar da ke tsinkar sautuka a saman wuya, irin ta seben na kiɗan Kongo, ba ta da komai ƙasa da 196 Hz in ban da ƙarar hannu, a yanke ta a 160 ko 180 ba fargaba.

Idan ka saurare ta ita kaɗai bayan haka za ta yi maka siririya, kuma mai jita in yana zaune zai ɓata rai. Ka sa masa waƙar gaba ɗaya. Kaurin da yake nema yana nan, bes ne yake ba shi, kunne kuma yana haɗa su ya ji jita ɗaya babba. Amma inda jita ta buɗe waƙa ita kaɗai, ko bes ya yi shiru a tsakiya, a sauke matatar zuwa 70 Hz da otomeshan (saitin da manhaja ke sauyawa da kanta a wurin da ka zana), ta koma wurinta idan bes ya shigo. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, waƙa ta fara a tsamure.

Shi ma bes a share masa ƙasa da 30 zuwa 35 Hz, mai tsirkiya biyar 25. A sama kuma a rufe daga 5 kHz idan da yatsa aka kaɗa, domin abin da ke can ƙarar gaɓa ce da shuu. Mai marin tsirkiya a bar masa har 8 kHz.

Yanzu sai 200 zuwa 350 Hz, inda sauti ke cunkushewa. A nan ake yanke hukunci, kuma ɗaya ne zai rusuna, ba duka biyun ba. Tambayi waƙar: wa ke ɗauke da ita? A makosa ta Kamaru da danginta bes ne mai magana. Kamaru ta yi suna a duniya da masu bes irin su Richard Bona da Étienne Mbappé, kuma salon bes mai rera waƙa ya ratsa har ƙananan makaɗan arewa. A irin wannan kiɗa jita ce za ta ba da wuri: rage ta 2 zuwa 3 dB a wajen 250 Hz, Q tsakanin 1 da 1.4. Idan kuwa waƙar ta jitar katako ce da murya, bes yana dafa uwar kod kawai, to bes za a rage a 250, a bar wa jita jikinta. Don gano daidai wurin, ɗaga 6 dB ka zagaya tsakanin 180 da 400 har cunkoson ya fi muni, sannan ka juya shi ya zama ragi. Wanda ya rage su biyun a wuri ɗaya zai sami haɗi mai tsabta amma ba nama, ƙasa da sama da rami a tsakiya.

Bakin bes yana tsakanin 700 Hz da 1.2 kHz. Ƙara masa 2 zuwa 3 dB a can, ka rage jita 1.5 ko 2 a daidai wurin. Hasken jita kuma yana 2 zuwa 4 kHz, sai dai murya ma can take, kuma a waƙar Hausa da Fulatanci kalma ce gaba da komai. Kafin ka ƙara wa jita haske, gwada rage ta a 300. Sau da yawa hasken yana fitowa da kansa.

Mataki na biyar: bes da zai rayu a waya

Wannan ne matakin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci a yankinmu, domin yawancin masu sauraro ta waya suke ji, ko ƙaramar sifikar Bluetooth a shago, ko rediyon mota. Sifikar waya kusan ba ta fitar da komai ƙasa da 200 zuwa 300 Hz. Uwar sautin bes ba za ta taɓa fitowa ba ko ka ƙara mata 12 dB. Abin da za ka samu kawai shi ne limita, mai hana sauti wuce iyaka, ta shaƙe waƙar. Amma kunne yana da wata baiwa: idan ya ji 'ya'yan sauti a jere, 165, 206, 247, yana ƙirƙiro uwar da kansa ya ji 41 Hz da babu ita. Aikinka shi ne ka ƙarfafa 'ya'yan.

Kwafi tirak ɗin bes ya zama biyu. Na farko ka bar shi da tsabta, shi ne gindi. A na biyu ka yanke ƙasa da 200 Hz da sama da 3 kHz, ka sa masa abin ƙona sauti, mai jirkita shi don ya haifi ƙarin 'ya'ya: Fruity Blood Overdrive ko Waveshaper a FL Studio, Saturation Knob na Softube, ko kwaikwayon amfilifaya da ke cikin Cubase. Ƙona shi har ya yi muni idan an ji shi kaɗai. Sauke fedarsa ƙasa gaba ɗaya. Yanzu ka saurari waƙar ta ƙaramar sifika guda, ko ka sa matata a babban mafita ta yanke ƙasa da 250 Hz don kwaikwayon waya, ka ɗago tirak na biyu har ka iya bin layin bes da baki. Yawanci yana zama 10 zuwa 15 dB ƙasa da na farko. Cire matatar gwajin, ka ji a manyan sifiku: bai kamata a ji ƙonewar a fili ba, sai dai bes ya matso gaba.

Abubuwa biyu ke lalacewa a nan. Ƙonawa tana zuba sabon nauyi a 200 zuwa 400 Hz, wurin da ka gama sharewa, don haka ka koma ka sake jin jita. Wataƙila ta buƙaci ƙarin ragin dB ɗaya, ko ka tura matatar tirak na biyu zuwa 300. Sannan idan wani fulogin yana jinkirta sauti kuma manhajar ba ta rama jinkirin ba, tirak biyun za su ci juna, bes ya rame maimakon ya yi kauri. Gwada Ø a na biyu ka ji.

Masu haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha ko 808 (bes ɗin na'ura mai zurfi) su fi kowa kula da wannan. Sautin 808 mai tsabta kusan uwa ce zalla ba 'ya'ya, shi ya sa yake girgiza ɗaki amma a waya babu shi sam. Bes ɗin fiyano kuma sau da yawa yana fitowa a sitiriyo da korus (abin faɗaɗa sauti) a jikinsa. A ɗauke shi ta mafita ɗaya, ko a mayar da shi mono.

Mataki na shida: kwamfiresa

Kafin kwamfiresa, mai matse sautin da ya yi tsalle don ƙarfi ya daidaita, bi tirak ɗin bes da hannu ka rage sautukan da suka yi tsalle, ka ɗaga waɗanda suka nutse, 2 ko 3 dB. Sannan a kwamfiresa sa rabo (ratio) 4:1, kamawa (attack) milisakan 20 zuwa 30, saki (release) 80 zuwa 150, matsi 3 zuwa 6 dB. Kamawa mai saurin gaske, ƙasa da milisakan 5, tana cinye kan sautin, kuma da yake zagaye ɗaya na 41 Hz yana ɗaukar milisakan 24, kwamfiresa mai gaggawar kamawa da saki tana bin igiyar kanta ta jirkita ta. Don saki, raba 60,000 da gudun waƙa: a 120 bugu ɗaya milisakan 500 ne, kwatansa 125. Allurar ta dawo kusa da sifili kafin sauti na gaba.

Jita mai tsabta tana son 3:1, kamawa 15 zuwa 25, matsi 2 zuwa 4 dB. Wadda aka riga aka ƙona a amfilifaya ba ta buƙata, a matse take. Matsalarta daban ce: idan mai kaɗawa ya danne tsirkiya da tafin hannu, 100 zuwa 200 Hz yana tsalle ya rufe bes. Haka jitar kiɗan bikutsi na Kamaru da ake dushewa don ta kwaikwayi balafon, kayan kiɗa na katako da ake bugawa. Ragin dindindin zai ramar da sauran wuraren, saboda haka a sa ikwalaiza mai motsi, irin TDR Nova, wadda ita ma kyauta ce, ta rage 3 zuwa 4 dB a lokacin tsallen kaɗai.

Da wannan fulogin ɗin ake yin dabarar da ta fi dacewa da waƙar da bes ke shiga yana fita. Ɗora Nova a kan jita, ka tura mata bes ta saidcen, wato ta riƙa jin bes tana aiki a kan jita; a FL Studio zaɓi tirak ɗin bes, ka danna dama a kan kibiyar da ke ƙasan tirak ɗin jita. Buɗe yanki mai faɗi a 150 zuwa 300 Hz, ka saita shi ya rusuna 2 zuwa 3 dB duk sanda bes ya yi magana. Bes ya yi shiru, jita ta dawo da jikinta. Fiye da 3 dB ana fara jin jitar tana numfashi.

Idan akwai kalangu, garaya ko molo a waƙar, su ma a wannan gona suke. Kalangu musamman, da yake muryarsa tana hawa tana sauka, yana ratsa yankin gaba ɗaya. A sashen da yake magana, jita da bes duka su sassauta: bes ya koma uwar kod, jita ta sauka dB ɗaya ko biyu da otomeshan.

Mataki na bakwai: hagu, dama da amsa-kuwwa

Bes a tsakiya, kullum, kuma duk abin da ke ƙasa da 120 Hz ya zama mono. Jita biyu da aka kaɗa daban-daban a raba su hagu da dama, kashi 60 zuwa 100. Idan ɗaya ce, a karkata ta kashi 25 ko 30, fiyano ya tsaya a ɗaya gefen. Kwafar jita ɗaya a jinkirta ta milisakan 10 don ta yi faɗi dabara ce mai cin amana: da an haɗe ta a mono sai ramuka su buɗe a 50, 150, 250, 350 Hz har sama, kuma sono na biki da yawa a mono yake tafiya. A sa mai jita ya sake kaɗawa karo na biyu.

Kada a sa wa bes amsa-kuwwa. Ta jita kuma a tace ta: yanke ƙasa da 350 Hz da sama da 7 kHz a tirak ɗin amsa-kuwwar kanta, in ba haka ba duk cunkoson da aka kora zai dawo ta bayan gida. Haka maimaicin sauti. A gudun 110 bugu ɗaya milisakan 545 ne, rabinsa 273.

Mai son ƙarin haɗin kai yana iya tura bes da jitoci zuwa tirak guda, ya sa kwamfiresa 2:1, kamawa 30, matsi dB 1 zuwa 2, tare da hana ta jin abin da ke ƙasa da 100 Hz don kada bes ya riƙa jan jita ƙasa. Ba kowace waƙa ke so ba. Kashe ka kunna da ƙarfi ɗaya. In ba ka ji riba ba, cire.

Kafin a fitar

Ɗora waƙar da ka yarda da haɗinta, mai salo irin naka, a tirak na daban, ka rage ta har ƙarfinta ya yi daidai da naka, ka riƙa tsallakawa tsakaninsu kana sauraron abu ɗaya: nisan bes da jita. Sannan rage sifika har da ƙyar ake ji. Idan layin bes ya ɓace kafin jita, tirak ɗin ƙonawa yana son ƙarin dB ɗaya ko biyu.

Dubi limita a babban mafita. Idan tana matse fiye da 3 ko 4 dB duk lokacin da bes ya sauka ƙasa, za ka ji jita tana dushewa tare da kowane sauti. Ba jitar za a ɗaga ba. A rage bes dB 1 ko 2 ƙasa da 60 Hz, limita ta sami sarari. Spotify da YouTube suna sauke waƙa mai ƙara zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), don haka ƙure ta ba ya sayo komai a can. Bar ƙololuwa, wato inda sauti ya fi tsalle, a -1 dBTP, domin mayar da waƙa MP3, da sake matse ta da Facebook, TikTok da sitatus ɗin WhatsApp suke yi, yana ɗaga ƙololuwar. Ajiye WAV mai bit 24, ka fitar da MP3 na 320 don rabawa, ka tura shi zuwa waya mai araha ka ji amshin waƙar a waje, cikin hayaniyar titi. Idan wani sautin bes guda ya ɓace a can alhali sauran suna nan, koma tirak ɗin ƙonawa ka ɗaga wannan sautin kaɗai da otomeshan.